Kayan Cikin Gwaggo Opal

Lahadi, 1 ga Oktoba

Twila ta kawo Gwaggo Opal bayan an tashi daga coci. A naɗe cikin tawul, kamar mai kai jariri asibiti. Ta ajiye ta a kan teburin kicin ta ce, "Baffa Orval, ta mutu."

Na ce bindiga ba ta mutuwa, sai dai a yi sakaci da ita.

Ta cusa gidan ƙwaya, inda harsasan roba da gas suke, ta buɗe ƙofar baya ta ja kunama. Fusss. Gas ya fita ta gefe kamar kyanwar da aka taka wa wutsiya, farar ƙwaya ta gangaro ta faɗi gaban takalminta.

Bari in rubuta yadda abin yake, ba don ina mantuwa ba. Bindigar ƙanena Dewey ce, uban Twila. Da ita ya buɗe filin wasan airsoft, wasan harbe-harbe da ƙwayar roba, a gonarmu ta bakin rafi, lokacin da noman taba ya daina ciyar da kowa. Shi ya raɗa mata sunan gwaggonmu, wai su biyun duk suna tofi kuma suna shuri. Asabar ɗin ƙarshen Oktoba ita ce Ranar Kasko. A taru, in kira sunayen 'yan wasanmu da suka riga mu gidan gaskiya, da ka, ba takarda. Sannan a harbi tsohon kaskon Mama da ke rataye a bishiyar tsallaken rafi. Sai kasko ya yi ƙara ake fara wasa. Da Gwaggo Opal ake harbin, ba da wata ba. Tun rasuwar Dewey ni nake harbawa.

Twila ta zaro wata leda. Sabuwar guduma ta baƙin ƙarfe, sabon hanci mai tura ƙwaya, robobi, siririn bututun ciki. Ta ce in ba ta rabin yini ta juye mata kayan ciki gaba ɗaya.

Na ce, "Duk abin da ke cikin nan hannun ubanki ya taɓa shi. Ki kwashe ki zuba na kanti, sai ta zama wa?"

"To Baffa, in ba ta tashi ba kafin ranar, zan rataye ta a bangon rumfa in busa usur. Ba zan tara mutane cikin sanyi su tsaya suna jin fusss ba."

Usur. A Ranar Kasko. Kamar ƙwallon 'yan firamare.

Na ce ta kwashi ledarta. Ni zan tashe ta, kuma da abin da ke cikinta.

Talata, 3 ga Oktoba

Na farke ta. Na shimfiɗa farin zanen tebur, na ɗauko farantin gasa kek na marigayiya matata Nadine, mai ramuka ɗin nan, kowane ƙarfe da raminsa. Da tana nan da na sha faɗa.

Ban yi boko mai zurfi ba, a aji huɗu na tsaya na bi Baba ramin kwal, amma bindiga na san ta tun ban kai tsayinta ba. Wannan ma ai ɗaya ne: sakata, ƙarfen nan mai kai-komo, ta ja baya, guduma ta daki bakin gas, gas ya tura. Abin da na gani shi ne ƙishi. Ciki a bushe ƙamas, robobin sun yi fari-fari kamar leɓen mai zazzaɓi. Yaran yanzu tsoron mai suke yi.

Na ɗauko man bindigar farautata, mai kyau, wanda bai taɓa ba ni kunya ba. Na shafe sakata, na shafe guduma. Zobban roba da ƙaramar robar nan da ke murza ƙwaya a gindin bututu na tsoma su cikin murfin kwalba, su sha su ƙoshi.

Akwai wani ɗan yankin gwangwani kore da ya maƙale a jikin bututu. Datti. Na share shi tare da sauran tarkace.

Laraba, 4 ga Oktoba

Sai sheƙi take yi. Dewey, da ka ga aiki.

Jumma'a, 6 ga Oktoba

Robobin sun kumbura.

Zoben da ya kamata ya zauna a raminsa cif yanzu ya yi lako-lako, sai zamewa. Ta gindin bututun kuwa ta yi taushi kamar taliyar da ta kwana a ruwa, ina matsa ta ta yage.

Daidai lokacin Buford Combs ya shigo, ba ƙwanƙwasa ƙofa, kamar kullum. Tare muka yi ramin kwal, tare aka sallame mu, har yau bai koyi rufe baki ba. Ya leƙa murfin kwalba.

"Injiniya! Miya ce? Ka sa gishiri kuwa?"

Na ce ya matsar da tumbinsa yana tare mini haske.

"Orval, wannan fa ba ta kashe barewa. Abin wasa ce. Man can cin roba yake, ko jikata ta san haka."

Na ce to jikar tasa ta zo ta gyara. Ya cinye mini rabin burodin masara ya tafi yana dariya har mota. Kafin yamma duk kwarin nan zai ji.

Asabar, 7 ga Oktoba

Na je fili kamar kowace Asabar, na zauna a rumfa ina raba tabarau na kare ido. Twila ta zo wucewa, ta tsaya, ta kama hannuna ta sunsuna.

"Baffa. Wane mai ka sa mata?"

Na ce mai.

Ta rufe ido, ta ja numfashi, irin na uwarta sak. Da zan tafi na tarar da ledar nan a kujerar a-kori-kurata. Na bar ta a nan. Ta kwana a mota, ta ga yadda duniya take.

Talata, 10 ga Oktoba

Na je kantin kayan gini na sayo zobban roba na famfo. Roba ai roba ce. Ba na ledar Twila ba ne, saboda haka ban karya maganata ba.

Na haɗa, na cika gas, na ja kunama. Gas ɗin duka ya fito lokaci guda, farin hayaƙi buuu, babban yatsana ya daskare ya yi fari kamar alli. Karena ya gudu ƙarƙashin gado.

Da na sake buɗewa, sifirin ɗin guduma ya ƙwace ya yi tsalle, ya tafi da wata 'yar ƙusa da ba ta kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Na yi rarrafe a kicin da maganaɗisu ɗaure a zare. Na samo allurar Nadine, na samo maɓalli, na samo abin da ban san sunansa ba. A ƙarshe a cikin kwanon kare na same ta. Tashi daga ƙasan ya fi neman wuya.

Ba zan daina ba.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Dabara ta zo mini. Dewey ba ya zubar da komai. In akwai ragowar robobi a shagon aikinsa da ke bayan gidansa, ai nasa ne, hannunsa ya taɓa. Na je. Twila tana wanke mota, ta miƙo mini makulli ba ta tambaye ni komai ba.

Shagon yana nan yadda ya bar shi. Warin nan nasa. Na daɗe a tsaye.

A saman kanta akwai babban gwangwanin kofi. Na zazzage shi a benci. Hanci a fashe, hanci a tsage, wani an ɗaure da zare. Gudumomi da bakinsu ya cinye. Robobi tuli, duk matattu. Bututu biyu a jingine a lungu. Duka na Gwaggo Opal ne, na san su.

Twila ta tsaya a bakin ƙofa da soso a hannu.

"Maƙabartar Gwaggo ke nan. Haka Baba yake kiran gwangwanin."

Na ce me ake nufi.

"Baffa, babu abin da ya rage a cikinta na ranar da ya saye ta. Duk hunturu sai ya farke ta ya sa sabo. In ya ji an fito da wani abu ba ya barci sai ya gwada." Sannan ta ce, "Gudumar da kake ta gogewa ma ni na saka ta. Shekarar da hannunsa ya fara rawa. Yana zaune a nan yana yi mini tsawa."

Na mayar da komai cikin gwangwani ɗaya bayan ɗaya. Na ce na bar wake a wuta.

Ban bar komai a wuta ba.

Asabar, 14 ga Oktoba

Ban je fili ba. Ruwa ake yi. Ban taɓa ta ba.

Litinin, 16 ga Oktoba

Ina faskare ina bitar sunaye, kamar yadda nake yi duk shekara. Harlan Noble, wanda in an harbe shi sai ya faɗi kamar a fim. Faye Stamper, da ta ɓuya cikin akurkin kaji ta cinye wasa ita kaɗai. Junie ƙarami. Kowa da abin da ake tuna shi da shi, kuma ban taɓa tuntuɓe ba. Na zo kan Dewey, wanda nake cewa, "Dewey Sizemore, da ya ba mu fili." Sai na tsaya da gatari a sama.

Na gan shi. Ga murhu, ga shi a benci da tabarau a ƙarshen hanci, gwangwanin lemon citta a gefe, kayan cikin Gwaggo a baje. Ni kuma ina kujera ina ce masa, "Abin da ke aiki me ya sa kake farke shi?" Shi kuma ya ce, "Don ya fi haka, Yaya." Hunturu nawa muka yi wannan gardamar? Ni da ake cewa ba na manta komai. Na riƙe ranar da kowa ya faɗa rafi, wannan kuma na ajiye shi ina?

Na je mota na ɗauko ledar. Don kada sanyi ya lalata robobin ne kawai.

Laraba, 18 ga Oktoba

Na buɗe ledar. Har da ɗan kwalbar man silikon a ciki, ta rubuta a jiki da babban baƙi: WANNAN, BAFFA. Rashin kunya.

Na wanke duk ƙarafan da sabulun wanke-wanke don in fitar da wancan man. Sau uku. Sabuwar gudumar ta fi nauyi, gefenta da kaifi, sai da na ɗan goge ta da takardar yashi kafin ta yarda ta shiga gidanta. Sabon zobe ya zauna a raminsa da wata 'yar ƙara, tak. Na daɗe ban ji abu mai daɗin wannan ba. Ba zan gaya wa kowa ba.

Wurin sifirin na tsaya. Sai ka danne shi da yatsa, ka riƙe guduma a miƙe, sannan ka tura ƙusa ta ratsa su duka. Hannu uku ake bukata. Na gwada da haƙori. Na gwada da filaya. Yatsana ya fashe, jini a farin zanen Nadine.

Gobe.

Alhamis, 19 ga Oktoba

Na kira Twila na ce famfon kicin yana yoyo. Ta zo lokacin hutun rana sanye da kayan aikinta na asibitin haƙori. Ta dubi famfo, ta dubi tebur, ta wanke hannu ta zauna.

"Danne nan, Baffa. A'a, da farce. Kada ka numfasa."

"Ke za ki koya mini numfashi?"

"Baffa!"

Ƙusa ta shige. Muka zuba wa juna ido. Sauran ni na haɗa, tana kallo, hannayenta a ƙarƙashin cinya don kada su kai. Hanci cikin sakata, sakata cikin jiki, na rufe, na tura maƙallai biyu na waje. Muka fita baya.

Tas! Sakata ta doki kafaɗata, ta koma. Tas! Tas! Kare ma bai gudu ba. Twila ta yi ihu kamar tana 'yar shekara tara.

Amma da muka harba ta cikin akwatin awon gudu, gudun ƙwayar ya wuce iyakar da aka yarda da ita a fili. Dokar Dewey ce: wadda ta wuce ba ta shiga, ko ta wace ce, kuma Gwaggo ake fara aunawa. Wannan mai sauƙi ne, akwai ɗan makulli da ake murɗawa a cikin sabon hancin a rage iska. Muka farke, muka murɗa, muka haɗa, muka auna, har ta sauko.

Abin da bai gyaru ba: ƙwayar tana tafiya tiryan-tiryan, sai can ta karkace hagu kamar mashayi ya hango gida. Wani lokaci dama. Da wannan ko rumbun taba ba za a samu ba, balle kasko a tsallaken rafi.

Twila ta koma aiki a makare.

Asabar, 21 ga Oktoba

Na sake farke ta. Na juya robar, na miƙe ta, na matsa, na sassauta. Hagu. Dama. Hagu.

Buford ya ce in rataye kasko uku, duk inda ta nufa ta samu. Na ce in na rataye shi ai ko makaho ba zai kuskure ba.

Litinin, 23 ga Oktoba

Na gano. Da ban gano ba ma da ya fi mini sauƙi a rai.

Na riƙe bindigar a kunne na girgiza, sai na ji ƙas-ƙas. Bututun ciki yana rawa a cikin na waje, kaɗan, kamar haƙori mai shirin fita. Na kira Twila a waya. Ta ce, "Ai akwai abin da Baba ya naɗa a wurin. Ɗan gwangwani. Daga na lemonsa yake yankawa. Ka mayar da shi?"

Kore.

Na ce zan kira ta.

Sharar makon da na fara farke ta na riga na ƙone ta a duro. Na je na tona tokar da sanda duk da haka. Ba komai sai ƙusoshi da murfin kwalba.

Abu ɗaya tak a cikin bindigar nan da Dewey ya yanka da hannunsa, ya naɗa da yatsunsa. Na yi mako biyu ina gadin kayan kanti, shi kuma na share shi da tsintsiya na ce datti.

Na zauna a kan kututture har rana ta juya.

Talata, 24 ga Oktoba

Na je gidan mai na sayi lemon cittar nan. Yarinyar kanti ta ce, "Kai da ka ce kamar ruwan wankin ƙafa yake?" Na ce na baƙo ne.

Na shanye a tsaye, don ba a zubar da abin sha. Har yanzu ba daɗi. Na yanka gwangwanin da almakashin ɗinkin Nadine, yau kam na san da ta kore ni daga gidan. Na farko ya yi faɗi. Na biyu ya yi kauri, bututu ya ƙi shiga. Sai na tuna yadda yake yi: yana goge fentin a jikin dutsen wasa wuƙa har ya yi siriri, sannan ya naɗa a jikin fensir ya lanƙwasa kafin ya saka. Na sha ganinsa yana yi, ban taɓa tambayar na mene ne ba.

Na yi haka. Ya shige da ƙyar, ya kama. Na girgiza a kunne. Shiru.

Na kafa murfin bokiti a jikin shinge. Tas, kwal. Tas, kwal. Tas, kwal.

Na ce, "To ka gani, ɗan banza." Ban san da wa nake ba.

Asabar, 28 ga Oktoba

Raɓa ta daskare a ciyawa fari fat. Gas ba ya son sanyi, ƙarfinsa mutuwa yake, saboda haka tun daga gida na cusa gidan ƙwaya cikin riga, a hammata, kamar yadda Dewey yake yi. Sanyin ƙarfen har ƙashi. Buford ya ce me nake ƙyanƙyashewa. Na ce ƙaninsa.

Mutane sun cika. Har waɗanda suka koma Ohio sun zo da 'ya'yansu. Twila da usur a wuya. Na gan shi, ta ga na gan shi, ta tura shi cikin riga.

Gwaggo ta bi ta akwatin awo. Ta wuce lafiya.

Aka cire huluna. Na kira sunaye, ban yi tuntuɓe ba. Da na zo na ƙarshe na ce, "Dewey Sizemore, da ya ba mu fili." Sai bakina ya ƙara da kansa, "wanda bai taɓa barin abu yadda ya same shi ba." Tsofaffin suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Buford ya fyace hanci da ƙarfi.

Na zaro gidan ƙwaya da ɗuminsa, na cusa, na ɗaga. Kaskon yana can yana lilo kaɗan. Bakin bindiga shi ma yana lilo, kuma ba iska ake yi ba. Rana ce ta shiga idona. Kuma yatsan nan da ya fashe bai warke ba. In na tsaya jira gas zai huce.

Na ce, "Twila, riƙe nan."

"Baffa?"

"Ke kika sa mata guduma har sau biyu. Yi sauri kafin ta yi sanyi."

Ta karɓa. Ta kafa ƙafa irin tasa, kafaɗar hagu gaba. Na farko ya daki reshe. Ba wanda ya yi tari. Na ce a hankali, "Kada ki numfasa."

Ƙwarrr!

Har tsaunin can ya amsa. Yara suka watse cikin daji da ihu, aka bar mu mu biyu a bakin rafi. Ta ƙi juyowa, ni ma ban matsa ba. Can ta ce, "Ta fi da can shuri." Na ce gwaggon ma haka take, tana tsufa tana ƙaruwa.

Talata, 31 ga Oktoba

Twila ta kawo mini gwangwanin kofin nan, wai ya fi dacewa da kantata. Na zuba kumburarrun robobin a ciki, da tsohuwar guduma. Wuri ne kawai na ajiya.

Ta ce an fito da wata sabuwar roba da ta fi jure sanyi. Na ce ba ruwana. Na tambaye ta sunanta dai, don in san abin da zan ƙi.

Za ta zo Lahadi bayan coci ta fara koyon kiran sunayen. Na ce ta fara da Harlan Noble da Faye, biyu-biyu za mu riƙa yi, kuma ban yarda da takarda ba. Ba wai wani abu ba ne. Muryata ce ba ta kai bayan taro in ana iska.

Na sayo lemon cittar guda shida. Saboda gwangwanayen. Akwai ɗaya a buɗe a nan gefena, kuma har yanzu ba daɗi.